Yadda Ake Shirya Bikin Karrama 'Yan Sikawut da Jagororinsu a Kaduna

Duk wanda ya taɓa riƙe rukunin 'yan sikawut a wata makaranta ko unguwa a garin Kaduna ya san cewa ba wahala ce ke korar yara ba. Za su yi maci cikin rana, su kwana a sansani cikin sanyin hunturu, su yini suna yashe kwalbati kafin saukar damina, kuma washegari su dawo da murmushi. Abin da ke sa su janye jiki shi ne shekara ta zagayo ba wanda ya nuna ya ga abin da suka yi. Haka abin yake ga manyan da ke sadaukar da ranakun Asabar ɗinsu ba tare da albashi ba. Hausawa sun ce yaba kyauta tukwici, sai dai yabon da aka yi shi da ka, aka raba takardu ga 'ya'yan manya aka manta da wanda ya yi aikin, ya fi rashin yabon ɓata zuciya. Wannan jagora ta shugaban rukuni ce, da malamin makarantar da aka ɗora wa kula da sikawut, da kwamitin iyaye, waɗanda ke son shirya bikin da yaro zai san cewa abin da aka ba shi guminsa ne.

Mataki na farko: a buɗe littafin aiki tun farkon shekara

Yawancin masu shirya biki suna farawa da neman zaure da buga katin gayyata, alhali ainihin aikin yana farawa ne watanni kafin haka, a cikin littafin rubutu na 'yan makaranta. A ba kowane shugaban ƙaramar tawaga littafi ɗaya, domin shi ne ya fi kowa sanin abin da yaransa shida ko takwas suke yi. Wannan tsari na ƙananan tawagogi shi ne ƙashin bayan sikawut tun daga sansanin farko da Robert Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya yi a tsibirin Brownsea na Ingila a watan Agustan 1907, inda ya kasa yara 20 gida huɗu ya naɗa wa kowane kashi shugaba daga cikin yaran. Idan an yarda yaro ya shugabanci 'yan'uwansa, to a yarda ya riƙe musu lissafi.

Abin da za a riƙa rubutawa bai da yawa: kwanan wata, wurin da aka yi aiki, sunayen waɗanda suka halarta, abin da kowa ya yi, da sunan babban da ya shaida. Rubutu irin na "mun yi aikin gayya" ba ya amfanar kowa bayan wata takwas. Wanda ake so shi ne irin wannan: ranar kaza tawagarmu ta yashe magudanar ruwa daga bakin makaranta zuwa bakin titi, mu bakwai muka zo, wane ne ya aro baro da shebur, wane kuma ya tsaya bayan kowa ya tafi har aka kwashe sharar, mai unguwa ya gani. Shugaban rukuni ya karɓi littattafan a ƙarshen kowane wata ya duba, ya sa hannu, ya ɗauki hoton shafukan da wayarsa, saboda littafin yara ba ya rasa jiƙewa da ruwan sama ko ɓacewa a cikin Keke Napep.

Amfanin wannan littafi yana fitowa ranar da aka zauna zaɓen waɗanda za a karrama. A ranar ne za a ga cewa ƙwaƙwalwar manya tana riƙe yaro mai surutu da mai kyawun maci, tana mantawa da mai shiru wanda bai taɓa fashi ba. A ranar ne kuma wani zai raɗa maka cewa ɗan wane ne ya kamata a saka, tunda mahaifinsa ne zai ba da kujeru. Shugaban da ke da littafi a hannu ba ya buƙatar yin gardama da kowa, buɗewa kawai zai yi ya karanta. Wanda kuma bai fara rubutu da wuri ba, kada ya ƙirƙiri tarihi daga baya. Ya tara shugabannin tawagogi su tuno abin da za a iya tabbatarwa, ya taƙaita lambobin bana, ya buɗe littafi domin baɗi.

Mataki na biyu: a san abin da rukuni ke da ikon bayarwa

Akwai bambanci tsakanin bajon ƙungiya da lambar yabon rukuni, kuma cakuɗa su yana jawo abin kunya. Sikawut ta shigo Najeriya a 1915, ƙungiyar ƙasa kuma ta zama mamba a ƙungiyar sikawut ta duniya a 1961, don haka bajojin matakai da na ƙwarewa suna da ƙa'idoji da jarrabawar da ake bi kafin a ɗinka su a rigar yaro. Shugaban rukuni ba zai je wurin mai surfani ya sa a ƙera masa bajon da ya ga dama ya liƙa wa yara ba. Tun wata uku kafin biki ya rubuta wa kwamishinan sikawut na yankinsa, ya aika sunayen yaran da suka cika sharuɗɗa, ya nemi a turo masu jarraba su. Idan bajojin ba su iso ba kafin ranar, a sanar da nasarar yaron a bainar jama'a a ɗaga liƙawar zuwa wani lokaci.

Haka nan bajon katako, wato 'yan ƙwayoyin itace biyu da ake ratayawa a wuya da igiyar fata, ba kyautar godiya ba ne. Shaidar kammala horon jagoranci ne, wanda aka fara bayarwa a Gilwell Park kusa da Landan a 1919, kuma masu horarwa na ƙungiya ne kaɗai ke tabbatar da shi. Komai daɗewar mutum yana hidima, rukuni ba zai rataya masa shi ba.

Abin da rukuni ke da cikakken iko a kansa shi ne takardar yabo da kyaututtukansa na kansa, da sharaɗin a rubuta a jikinsu cewa daga rukuni kaza suke. A nan shawarata ita ce kada nau'o'in lambobin su wuce biyar ko shida. Ana iya ware ɗaya ta hidima ga jama'a, ɗaya ta ƙwarewa a wani fanni kamar agajin gaggawa ko ƙulle-ƙullen igiya ko karanta taswira, ɗaya ta halarta ba fashi, ɗaya ta tawagar da ta fi haɗin kai. Wadda na fi ba muhimmanci ita ce ta yaron da ya fi kowa ci gaba, wanda ya shigo ba ya iya buɗe baki a gaban mutum biyar, yanzu kuma shi ke ba da umarni a fareti. Wannan lamba ita ce ke gaya wa sauran yara cewa ƙofar ba ta rufe ga waɗanda ba a haife su da baiwa ba. Bayan waɗannan, duk yaron da ya cika shekara yana zuwa ya samu takardar shaidar halarta, a kira sunansa, ko da tawaga-tawaga za a fito da su.

A yi hattara da lambar jarumta. Kogin Kaduna yana cika ya tumbatsa a watannin Agusta da Satumba, kuma idan aka tafa wa yaron da ya faɗa ruwa domin ceton wani, an koya wa yara 50 da ke zaune cewa faɗawa ruwa shi ne hanyar samun suna. Wanda ya cancanci a ɗaga shi ne wanda ya yi abin da aka koya masa, ya yi kururuwar neman manya, ya jefa igiya ko ya miƙa gora yana tsaye a kan tudu. A faɗi hakan ƙarara a cikin bayanin lambar.

Mataki na uku: kwamitin tantancewa

Mutum biyar sun isa: shugaban rukuni, mataimaki ɗaya, wakilin iyaye, wakilin makaranta ko unguwa, da babban yaro ɗaya daga cikin 'yan sikawut ɗin da 'yan'uwansa suka zaɓa. A tabbatar akwai mace a ciki, musamman idan rukunin yana da 'yan mata. Duk wanda ɗansa ko ƙaninsa ke cikin waɗanda ake dubawa ya fita waje har a gama maganarsa. Ga kowane wanda aka zaɓa, kwamiti ya rubuta dalili cikin jimla biyu ko uku, da kwanan wata da wuri, domin wannan rubutun ne za a karanta ranar biki. Idan kwamiti ya kasa rubuta jimla biyu a kan abin da yaro ya yi, to bai kamata sunansa ya wuce ba. Sunayen su zauna a sirrance, amma a sanar da iyayen waɗanda aka zaɓa mako biyu kafin ranar domin su samu halarta.

Mataki na huɗu: zaɓen rana

Kalandar sikawut tana da ranakun da suka dace da irin wannan taro. Akwai 22 ga Fabrairu, ranar haihuwar Baden-Powell a 1857, wadda kuma ita ce ranar haihuwar matarsa Olave, jagorar Gayid, wato ƙungiyar 'yan mata mai kama da sikawut, shi ya sa 'yan mata 'yan Gayid su ma suke raya ta. Akwai 13 ga Maris, ranar sikawut ta Afirka. Akwai 1 ga Agusta, ranar da ake tunawa da buɗe sansanin Brownsea, 'yan sikawut na da da na yanzu suke ɗaura ƙyallen wuyansu. Sannan akwai 5 ga Disamba, ranar masu aikin sa kai ta duniya da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware, wadda ta yi daidai da karrama manya.

Sai dai kalandar Kaduna tana da nata hukuncin. Ranar 1 ga Agusta tsakiyar damina ce kuma makarantu galibi suna hutu, don haka taron fili yana cikin haɗarin watsewa. Tsakiyar Maris zafi ya fara tsananta, yaro mai kaki da safa ba ya jure tsayuwar awa biyu. Daga Afrilu zuwa Yuli manyan yara suna fama da jarrabawar JAMB da WAEC da NECO, ba za a same su a atisaye ba. Ranakun 27 ga Mayu da 1 ga Oktoba kuwa ranaku ne na faretin hukuma, yara suna can Dandalin Murtala ko inda aka tura su, kuma duk bikin da aka jingina da su sai ya zama ɗan rakiya. Abin da ya rage mai daɗi shi ne Asabar mafi kusa da 22 ga Fabrairu ko 5 ga Disamba, lokacin da babu ruwa kuma rana ba ta da zafi sosai, sai dai a tanadi ruwan yayyafa wa fili saboda ƙurar hunturu.

Kafin a tsayar da rana a duba watan azumi, wanda ke matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, a kuma duba lokutan Ista da Kirsimeti. Rukunoni da yawa a garin nan suna haɗa yara Musulmi da Kirista, saboda haka Juma'a da Lahadi ba su dace ba. Asabar da safe ita ce ta kowa, a fara ƙarfe tara a tashi kafin azahar, tun kafin iyaye su fara duba agogo saboda bukukuwan aure da ke jiran su da yamma.

Mataki na biyar: wuri, izini da kuɗi

Zauren taron makaranta ko harabarta mai inuwar bishiyoyi ya fi kowane ɗakin taro na haya, domin ba a biya, yara sun san wurin, kuma akwai banɗaki. Idan rukunoni da dama ne za su haɗu, wasu daga Kawo da Rigasa da Tudun Wada, wasu daga Barnawa da Kakuri da Sabon Tasha, a zaɓi wuri a tsakiyar gari wanda mota ɗaya za ta kai kowa, ko kuma a riƙa yin karɓa-karɓa, bana a wannan gefen kogi baɗi a wancan. Wannan karɓa-karɓar tana da amfanin da ya wuce sauƙaƙa kuɗin mota, domin akwai yaran da ba su taɓa taka unguwannin da ke tsallaken gada ba sai ta dalilin sikawut. A rubuta wa shugaban makaranta takardar neman izini, a kai gaisuwa wurin mai unguwa ko hakimi, a sanar da ofishin 'yan sanda mafi kusa a rubuce idan za a yi maci a kan titi. Kowane yaro ya kawo takardar amincewar iyaye da lambar wayarsu, kowace tawaga kuma ta zo da babban da zai mayar da ita gida.

A wajen kuɗi, a jera bukatu bisa muhimmancinsu, a fara biyan na sama kafin a sauko: takardun yabo da kyaututtuka, ruwan sha da abin taɓawa na yara, kuɗin motar yaran da ke nesa, akwatin agajin gaggawa, lasifika da man janareta, sannan rumfa da kujeru. Ado da abincin manyan baƙi su ne na ƙarshe, idan kuɗi ya ƙare kafin a kai gare su ba a yi asarar komai ba. Haramun ne a tsarin wannan biki a ce yaron da za a karrama ya biya kuɗin takardarsa ko na allon yabonsa, domin daga ranar da aka yi haka lambar ta zama kayan sayarwa. Gudummawar kaya ta fi sauƙin samu a kan ta kuɗi: mai gidan burodi zai ba da burodi, mai ruwan leda ya ba da 'yan jakunkuna, tsohon ɗan sikawut mai shagon ɗab'i ya buga takardu. Masu aikin katako da ƙarfe na Panteka suna iya yanka ƙananan allunan yabo masu kyau idan an ba su lokaci, telolin Kasuwar Barci kuma za su ɗinka ƙyallen wuya da yawa cikin 'yan kwanaki idan an kai musu yadi da samfuri. Idan ɗan siyasa ya ba da gudummawa a karɓa a yi godiya, amma a gaya masa tun farko, cikin ladabi, cewa ba a liƙa fosta ko ɗaga tutar jam'iyya a taron yara masu kaki.

Mataki na shida: sunaye

Wannan mataki gajere ne amma na taɓa ƙonewa a kansa. A wani biki da na taimaka aka shirya a wata makaranta, mun ba mai ɗab'i jerin sunaye da aka rubuta da hannu, bai iya karanta wani suna ba sai ya cika da abin da ya zata. Yaron ya karɓi takardarsa ya sara, ya koma wurinsa, ban san komai ba sai bayan an tashi mahaifinsa ya same ni, ya miƙo mini takardar da hannu biyu ya ce, "Malam, wannan ba sunan gidanmu ba ne." Mun sake bugawa, amma hoton da aka ɗauka da takardar farko shi ya rage musu. Tun daga nan nake tura wa kowane uba ko uwa sunan ɗansu ta saƙon waya su tabbatar da harafi-harafi, sannan a buga gwaji ɗaya a duba kafin a buga sauran. Mai gabatarwa kuma ya zauna da jerin kwana ɗaya kafin biki ya koyi furta sunayen da ba na harshensa ba, ya tambayi masu su idan ya yi shakka.

Mataki na bakwai: karrama masu aikin sa kai

A nan ne bukukuwa da yawa suke yin tuntuɓe, domin ko dai a manta da manya gaba ɗaya, ko kuma shugabanni su raba wa junansu alluna su cinye lokacin yara. Hanyar kauce wa duka biyun ita ce a fara lissafi daga waɗanda ba sa sanya kaki. Akwai matar da ta yi wa yara 40 tuwo da miya kwana uku a sansani. Akwai direban da ya kai su ya dawo da su a kan kuɗin mai kawai, da ma'aikaciyar jinyar da ta koya musu ɗaure rauni a ranar hutunta, da maigadin makarantar da ke buɗe ƙofa kowace Asabar ba tare da an ƙara masa ko sisi ba. Waɗannan su ne ba su taɓa tsammanin za a kira sunansu a lasifika ba, kuma su ne kiran ya fi yi wa tasiri. A tambayi yara su wa suka taimake su a bana, za su ambaci mutanen da kwamiti bai ma tuna da su ba.

Sannan a duba abin da zai amfani mutum, ba abin da zai rataya a bango kawai ba. Matashin jagora da ya gama karatu yana neman aiki ya fi bukatar wasiƙa a kan takardar rukuni mai hatimi, wadda ta faɗi shekarun da ya yi yana hidima, yawan yaran da ya kula da su, da ayyukan da ya jagoranta, domin zai iya haɗa ta da takardunsa. Malamin makaranta zai ji daɗin wasiƙar godiya da aka aika wa shugabansa, wadda za ta shiga fayil ɗinsa. Jagoran da ya daɗe yana son zuwa horon bajon katako amma kuɗi ya hana shi, babu kyautar da ta kai a ce kwamitin iyaye ya ɗauki nauyin kuɗin horon, kuma ribar za ta dawo wa rukunin. Kada a manta da iyalan jagorori. Matar da mijinta ke barin gida kowace Asabar, ko mijin da matarsa ke kwana a sansani da 'ya'yan wasu, suna da kaso a cikin hidimar, kuma turmin atamfa ko yadin shadda da aka miƙa a gaban jama'a yana sa a bar mutum ya ci gaba da fita baɗi.

Yara ne ya kamata su miƙa wa manya kyautarsu. Ƙaramin cikinsu ya riƙo kyautar, babba ya karanta dalili da kalmominsa, ya ce, "Baba, mun gode da buɗe mana ƙofa," ko "Mama, ba mu manta da abincin sansani ba." Na ga dattijon maigadi ya cire hularsa ya rufe fuska da ita a irin wannan lokaci, abin da jawabin babban baƙo bai taɓa sa kowa yi ba. Shugaban rukuni kuwa kada ya saka sunansa a jerin da shi ya tsara. Idan iyaye ko kwamishina suna son karrama shi, su shirya abinsu ba da saninsa ba.

Mataki na takwas: tsarin ranar biki

A yi gwaji cikakke kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, a wurin da za a yi taron, da lasifikar da za a yi amfani da ita. Kowane yaro ya san ta inda zai fito, inda zai tsaya, da ta inda zai koma.

Babbar matsalar taro a garin nan ita ce jiran babban baƙo. Na taɓa ganin an jera yara a fili tun ƙarfe takwas da rabi ana jiran wani mai girma da bai iso ba sai bayan sha biyu, kafin nan yaro ɗaya ya yanke jiki ya faɗi, iyaye mata da yawa kuma sun tafi ɗora girki. Maganin abin shi ne a rubuta a katin gayyata cewa za a fara ƙarfe tara daidai, a naɗa uban taro daga cikin mutanen unguwa wanda aka san ba ya makara, a fara da shi. Idan babban baƙo ya iso a tsakiya a tarbe shi da girmamawa a ba shi kujerarsa, taro ya ci gaba. Yara su zauna a inuwa, a tashe su kawai lokacin da ake bukatarsu.

Tsarin da na ga ya fi tafiya daidai yana farawa da shigowar fareti da ɗaga tuta da taken ƙasa, sai addu'a gajera daga ɓangarorin biyu idan taron na haɗaka ne, sai yara su sabunta alkawarin sikawut da yatsu uku a ɗage. Daga nan a ba su minti 20 su nuna abin da suka koya, domin uban da ya ga 'yarsa ta haɗa gadon ɗaukar majinyaci da sanduna biyu da riguna cikin 'yan mintuna ba ya sake tambayar amfanin sikawut. Bayan nunin sai karramawa, wadda ita ce za ta ci mafi yawan lokaci. Jawabai su zo a ƙarshe, kada su wuce uku, kowanne minti biyar, kuma ɗaya daga ciki na yaro ne.

Wajen miƙa lamba, a kira sunan yaro, a jira ya iso ya tsaya, sannan a karanta dalilin da kwamiti ya rubuta a hankali, cikin Hausa da Turanci idan mahalarta sun bukaci haka. A gayyaci mahaifi ko mahaifiya ko mariƙin yaron ya fito ya tsaya a gefensa, yaron da ba shi da wanda ya zo kuma shugaban tawagarsa ya tsaya masa, kada a bar shi shi kaɗai. Akwai abu biyu na al'ada da ya kamata mai gabatarwa ya warware tun farkon taro. Na ɗaya, 'yan sikawut a duk duniya da hannun hagu suke musabaha, alhali a wurinmu miƙa wa babba hagu rashin tarbiyya ne, don haka a bayyana wa iyaye cewa gaisuwar ƙungiya ce tsakanin masu kaki, yaro kuma zai karɓi takardarsa da hannun dama ya gaida dattawa yadda aka saba. Na biyu, jagora mace ce za ta liƙa wa 'yan mata bajo ko ta ɗaura musu ƙyallen wuya, babban baƙo namiji ya tsaya a miƙa takarda.

Mataki na tara: hoto, labari da abin da ke biyo baya

A naɗa mutum ɗaya mai ɗaukar hoto, a hana cincirindon masu waya a gaban yara. Kafin a saka hoton kowane yaro a Facebook ko WhatsApp a nemi yardar iyayensa, kuma kada a haɗa cikakken sunansa da sunan makarantarsa da unguwarsu a rubutu ɗaya, domin ba a san wanda ke karantawa ba. Hoton tawaga da bayanin aikin da ta yi ya wadatar. Gidajen rediyon garin nan suna da shirye-shiryen yara da matasa na Hausa, kuma gajeren rahoto mai ɗauke da abin da aka yi, da inda aka yi, da yawan yaran da suka yi, ya fi saurin samun shiga a kan doguwar takarda mai jera sunayen manyan baƙi. Ayyukan hidima da aka rubuta da kyau ana iya shigar da su cikin shirin Manzannin Zaman Lafiya na ƙungiyar sikawut ta duniya, wanda aka ƙaddamar a 2011, kuma ofishin kwamishina zai nuna yadda ake yi.

Cikin mako guda kwamiti ya fitar da lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe, a karanta wa iyaye, a aika wa duk wanda ya ba da gudummawa kwafi tare da godiya. A taron Asabar mai zuwa shugaban rukuni ya lura da kujerun da babu kowa. Kusan kullum akwai yaro ɗaya ko biyu da suka sa rai ba su samu ba, suka yi fushi suka zauna a gida. A je har gidansu da littafin aiki, a gaida iyaye, a zauna da yaron a nuna masa shafukan da sunansa ya fito da waɗanda bai fito ba, a gaya masa takamaiman abin da ya rage masa, ko fashi uku ne ya yi a damina, ko jarrabawar agajin gaggawa ce bai zauna ba, a kuma sa masa ranar da zai zauna ta. A wannan Asabar ɗin ce kuma ake karɓar tsofaffin littattafai a ajiye a akwatin rukuni, a raba wa shugabannin tawagogi sababbi, kowa ya rubuta sunan tawagarsa da kwanan wata a shafin farko.